TARIHIN MARIGAYI SARKIN KATSINA ALHAJI MUHAMMADU DIKKO, 1865 ZUWA 1944

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen labari ne na rayuwar Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko ɗan Gidado, Allah ya ji ƙansa. An tsara shi ne domin ma'aikata, manya da ƙanana, tun daga Ma'aji da Alƙali har zuwa malamin haraji na ƙauye, su san mutumin da aka aza harsashin aikinsu a hannunsa. Shi dai barde ne a ƙuruciyarsa, sarki a tsakiyar rayuwarsa, uban 'ya'ya da jikoki masu yawa a tsufansa, mai riƙon abota kuma a dukkan waɗannan zamunna.

ASALINSA

An haifi Muhammadu Dikko a shekara ta 1865, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaji. Mahaifinsa shi ne Durɓi Gidado, daga Fulani Sulluɓawa. Sarautar Durɓi kuwa tsohuwar sarauta ce, tun ta zamanin Haɓe, mai ita yana cikin manyan da ke zaɓen sarki, tare da su Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Ƙasar Mani ita ce ƙasar Durɓi.

To, sai dai a lura da abu guda, domin shi ne mabuɗin labarin nan duka. Gidan Durɓi gidan masu naɗa sarki ne, ba gidan da a ke ɗaukar sarki ba ne. Tun da Ummarun Dallaji ya karɓo tuta ya ci birnin Katsina wajen 1807, sarauta ba ta fita daga zuriyarsa ba, watau Dallazawa. Saboda haka sa'ad da Dikko ya ke yaro, ba wanda ya ke tsammanin wata rana zai zauna a kan gadon Korau, a miƙa masa takobin nan Gajere.

Ya yi karatun allo kamar yadda 'ya'yan manya su kan yi, ya koyi hawa tun yana ƙarami. Yana saurayi, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aka naɗa shi Durɓi.

ZAMANIN YAƘI

Wanda ya tashi cikin zaman lafiya da wuya ya gane irin zaman da mutanen ƙasar Katsina suka yi a wancan lokaci. Haɓen da aka kora daga birni sun tafi arewa sun kafa Maraɗi, ba su kuwa daina begen garin kakanninsu ba. Da su da Gobirawan Tsibiri suka haɗa kai, aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. Da zarar an kawar da amfanin gona, rani ya shiga, sai a fara sauraron kuge. Mahara su kan ratso daji da dare, gari na wayewa su fāɗa wa ƙauye, su kora shanu, su kama mata da yara. Ƙasa mai faɗi a arewa da yamma da birni ta zama kufai, dajin Rugu ya cinye gonaki. Kowane gari sai da ganuwa, manomi ba ya nisa da ƙofa sai da kwari da baka a kafaɗa.

Cikin wannan hali Durɓi Dikko ya yi samartakarsa. Mai sarauta irin tasa ba a zaune ya ke cin sarauta ba. Wajibi ne ya ajiye dawaki, ya ciyar da barade, ya tanadi sulke da lifidi da māsu, in an buga tambari ya fito da jama'arsa ya bi Sarki, ko kuwa ya tare hari a ƙasarsa tun kafin gudummawa ta iso. Ya yi wannan aiki a ƙarƙashin Sarkin Katsina Abubakar ɗan Ibrahim, wanda ya hau a 1887, har sunansa ya fita cikin jarumawan Katsina.

Yaƙi ya koya masa abubuwa uku da suka amfane shi daga baya. Na fari, ya san doki, ya san mutum, ya san wanda za a dogara gare shi ran tsanani. Na biyu, ya san cewa rundunar da ba ta da guzuri ta riga ta karye tun ba a haɗu ba, watau shiri ya fi zafin zuciya. Na uku, ya ga abin da hari ya ke yi wa talaka da idonsa, saboda haka da zaman lafiya ya samu bai ɗauke shi abin wasa ba.

ZUWAN TURAWA

A watan Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Daga can Gwamna Lugga ya biyo ta Katsina. Sarki Abubakar da manyansa suka yi shawara, suka ga yaƙi ba zai haifar da kome ba sai asarar rayuka, aka fita aka tarye shi, ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka ba a harba ko kibiya ɗaya ba.

Da aka ajiye soja a Katsina, sai ya zamana ana bukatar wanda zai tsaya tsakaninsu da gari, ya kula da abincinsu da na dawakinsu, da ma'aikatan da za su gina musu bariki. Aiki ne wanda manya da yawa ba su so, gama mai yinsa yana tsakanin wuta biyu: in ya gaza baƙi su zarge shi, in ya ƙware 'yan'uwansa su zarge shi. Durɓi aka ɗora wa, ya kuwa riƙe shi. Abin da ya ce zai kawo ran kaza, ran nan ya ke kawo shi. A nan ne Turawa suka fara saninsa, a nan kuma shi ya fara lura da al'amuransu, yadda su ke ƙidaya kome, su rubuta kome, su tsai da lokaci.

Tsakanin Sarki Abubakar da Turawa ba a daɗe ba aka ɓata. A 1904 aka tuɓe shi aka kai shi Ilori, aka naɗa Yero ɗan Musa. Shi ma bai jima ba. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, Turawa suka ga ba su amince da shi ba, aka fitar da shi aka kai shi Lakwaja. Baturen da ke riƙe da Katsina a lokacin, Mista Palmer, shi ya nuna Durɓi. A watan Nuwamba 1906 aka ba Dikko riƙon gari, a farkon 1907 aka tabbatar masa da sarauta. Yana da shekara arba'in da ɗaya ko da biyu.

NAUYIN DA YA ɗAUKA

Ba daidai ba ne a ɓoye cewa hawansa bai yi wa kowa daɗi ba. Gidan da ya yi shekara ɗari yana sarauta an kawar da shi, ga 'ya'yan sarki da jikokin sarki cike da gari, ga bayin sarki waɗanda suka saba da iyayengijinsu na dā. Mutane da yawa suna ganin sabon Sarki naɗin baƙi ne, wanda baƙi suka naɗa kuwa baƙi na iya tuɓe shi gobe, kamar yadda aka yi wa biyu kafinsa cikin shekara uku. Turawa kuma a nasu gefen suna jira su ga ko zaɓensu ya yi kyau. Ko kaɗan ya karkata, ɗayan ɓangaren zai kāsa shi.

Abin da ya fisshe shi shi ne haƙuri da aiki. Bai tsaya jayayya da masu magana ba, ya bar shekaru su ba su amsa. Sarakuna biyu sun fita cikin shekara uku, shi kuwa ya zauna shekara talatin da bakwai da ɗoriya, har mutuwa ta same shi a kan gadonsa.

BAITULMALI

Babban abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani game da wannan Sarki shi ne kafa Baitulmali. A dā, abin da aka tara na kuɗin ƙasa da jangali da sauransu ya kan bi ta hannun jakadu da hakimai, kowa ya ɗebi rabonsa, abin da ya saura ya isa fada. Dukiyar Sarki da dukiyar ƙasa ba a rarrabe su ba. Da Turawa suka zo, sai aka raba haraji, kashi guda na Gwamnati, kashi guda na Sarki da manyansa, su yi yadda suka ga dama da shi.

A farkon sarautar Dikko, shi da Mista Palmer suka shirya wata sabuwar hanya. Rabon nan na Sarki a daina kai shi ɗakinsa, a zuba shi a ma'aji guda, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Sarki da kansa a yanka masa albashi, haka hakimai, haka alƙalai, haka dogarai da malamai. Abin da ya ragu a yi wa ƙasa aiki da shi. A Katsina aka fara wannan, da aka ga amfaninsa sai aka bazu da shi Kano da sauran ƙasashen Arewa, har ya zama shi ne ginshiƙin mulkin En'e duka.

A duba girman abin da ya yarda da shi. Sarki ne sabon hawa, mai bukatar abin hannu don ya jawo zukatan mutane da kyauta, ga shi ya amince a ƙayyade masa abin da zai taɓa, a sa malami ya rubuta. Ba kowane mai mulki ne zai yarda a ɗaure hannunsa haka ba. Amma da wannan ne alƙali ya sami albashi, ya daina dogara ga abin da masu ƙara za su kawo. Kuɗin tara da ushira suka koma Baitulmali, aka fara ba da rasiɗi, aka ajiye littafin shari'a wanda za a iya buɗewa bayan shekaru a ga abin da aka yanke. A wannan zamani ne kuma aka fitar da hakimai daga birni, kowa ya koma ya zauna cikin ƙasarsa, aka kawar da jakadu daga tsakanin talaka da hukuma.

Da aka tsai da iyaka tsakanin Ingilishi da Faransa, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, hari ya ƙare. Mutane suka fita daga bayan ganuwa suka sāre daji, kufai suka koma garuruwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Daga baya hanyar jirgi ta ratsa Funtuwa, auduga ta kudancin ƙasar ta sami mafita, aka kafa gonar irin auduga a Daudawa. Da kuɗin Baitulmali aka yi hanyoyin mota, da asibiti, da makarantu. A 1934 aka raba Katsina da lardin Zariya, ta zama lardi mai kanta tare da Daura.

ILMI

A lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu don kada a kai su makarantar boko, har waɗansu manya su kan aika da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, Sarki Dikko nasa na cikinsa ya fara kaiwa. Da mutane suka ga 'ya'yan Sarki sun shiga, sun fito ba su bar salla ba, sai tsoro ya ragu.

Saboda wannan hali nasa, da kuma sunan da Katsina ta yi tun dā wajen malanta, aka zaɓe ta a kafa babbar makarantar horon malamai ta Arewa. An fara karatu a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a watan Maris 1922. Ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta sami sunan Barewa. Cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta tana Katsina akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ahmadu Bello wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam. Wajen 1930 kuma aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina da yardarsa, tana cikin na farko a ƙasar Arewa, 'ya'yan gidan sarauta ne kuwa suka fara zama a cikinta.

HAJJI DA TAFIYE-TAFIYENSA

A wancan zamani mai niyyar Makka sai ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai komo ba. A ƙasa a ke tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, a yi shekaru a hanya, da yawa kuwa can su ke ƙarewa. Sarki mai riƙe da gari ba shi da halin barin ƙasarsa tsawon haka.

A 1921 Dikko ya nemi izini ya bi wata hanya. Ya gangara Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarkin Ingila George na Biyar, wanda ya ba shi lambar girma. Daga nan ya wuce Jidda, ya sauke farali, zamanin Sharif Husaini na mulkin Makka, ya komo gida lafiya cikin 'yan watanni. Shi ne na fari cikin sarakunan Arewa na zamanin Turawa da ya yi hajji yana kan gado. Mutumin da ya haura shekara hamsin da biyar, ya bar garin da akwai masu fatan kada ya dawo, wannan ba ƙaramin ƙarfin zuciya ba ne.

Ya koma Ingila a 1924, shekarar babban baje kolin Wembley, ya sake zuwa a 1933, shekarar da ya yi hajjinsa na biyu, sa'an nan kuma a 1937. Ba kallo kaɗai ke kai shi ba. Ya kan duba gonaki da dabbobi da masana'antu, ya tambayi yadda a ke yi, ya auna abin da zai karɓi ƙasarsa da wanda ba zai karɓe ta ba. Duk inda ya shiga kuwa da rawaninsa da alkyabbarsa ya ke shiga, bai sāke shigarsa don kowa ba. An ba shi lambar C.B.E.

DAWAKI

Barden dā bai rabu da doki ba har tsufa. Da yaƙi ya ƙare, sai ya juya son nan ga sukuwa da ƙwallon doki, wanda a ke kira folo. Ya gyara fili, ya tanadi dawaki, ya sa 'ya'yansa da yaransa suka koya, har 'yan wasan Katsina suka riƙa karawa da hafsoshin Turawa suna cinye su. Da haka samarin gidan sarauta suka sami abin da zai hana su zaman banza, hawan da kakanninsu suka koya don yaƙi bai ɓace ba. Sunan da Katsina ta yi a wasan folo daga gare shi ya samo asali.

IYALINSA DA ABOKANSA

Allah ya ba shi zuriya mai yawa, bai kuwa bar tarbiyyarsu a hannun barori ba. Hanyarsa ita ce ya ba ɗa karatu, sa'an nan ya ba shi aiki, ya zuba ido ya ga yadda zai yi. Da yawa cikin 'ya'yansa da danginsa sun riƙe hakimci da ofisoshin En'e. Waɗanda aka kawar don a ba su wuri ba su ji daɗi ba, wannan kuwa yana cikin abin da aka yi ta faɗa a kansa, gaskiya ne kuma da haka ya kafa gidansa. Amma wanda ya ba aiki ya san akwai mai binsa da ido.

Misali mafi bayyana shi ne ɗansa Usman Nagogo, wanda aka haifa a 1905. Ya sa shi makaranta, ya tafi da shi Ingila tun yana yaro, ya ba shi shugabancin 'yan doka a 1929, ya naɗa shi Magajin Gari a 1937. Saboda haka ran da nauyi ya faɗo masa, ba baƙon ofis ba ne, ba kuma baƙon jama'a ba.

Wajen abota, mutum ne mai riƙon alkawari. Amincin da ke tsakaninsa da Mista Palmer, wanda ya fara tun suna Durɓi da ƙaramin Bature, bai yanke ba har Palmer ya zama Gwamnan Arewa a 1925. Ya jawo malamai kusa da shi, 'yan gari da baƙi. Ɗaya daga cikinsu, Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, shi ne ya rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa.

RASUWARSA

Allah ya karɓi ransa a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana da shekara saba'in da tara. Aka naɗa Usman Nagogo a gurbinsa. Nagogo ya yi sarauta har 1981, ɗansa Muhammadu Kabir ya gaje shi har 2008, sa'an nan Abdulmumini ɗan Kabir ya hau. Cikin jikokinsa kuma akwai Hassan Usman Katsina, wanda ya bi hanyar soja, ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1966. Mutumin da aka ce ba ɗan gado ba ne, ga shi ya bar gadon da ya wuce shekara ɗari a gidansa.

ABIN KOYI

Ma'aikaci ba zai zama sarki ba, amma abin da ya ɗaukaka Dikko yana cikin ikon kowa. Tun yana Durɓi, abin da aka fara saninsa da shi shi ne in ya ce gobe, to, gobe ce. Da ya sami iko, ya yarda a rubuta abin da ya shiga hannunsa, alhali kuwa ba wanda ya isa ya tilasta masa cikin talakawansa. Abin da ya umurci mutane su yi, kamar kai yara makaranta, a gidansa ya fara. Sabon abu bai tsorata shi ba, bai kuma sa ya yar da addininsa da al'adarsa ba.

Duk malamin da ya zauna gaban littafin kuɗi, ko ya ɗauki alƙalami zai rubuta hukunci, ko ya yagi rasiɗi zai miƙa wa talakan da bai iya karanta shi ba, ya tuna cewa wannan tsari an kafa shi ne don kada ƙarfi ya cinye hakkin mara ƙarfi. Sarki ya rage wa kansa don tsarin ya tsaya. Abin kunya ne ƙaramin ma'aikaci ya rushe shi saboda sule biyu.

Allah ya ji ƙan Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya albarkaci zuriyarsa, ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta. Amin.